Kar babanka ya sayar da shanu saboda gwajin Turkiyya

Ɗana, saƙonka ya same ni jiya da daddare. Ka ce wani mutum ya ga wasanka a unguwa, ya ce in babanka ya kawo miliyan biyu na sefa zai kai ka gwaji Turkiyya, kana tambaya ko ka tafi ko ka ci gaba da buga lamba tara a nan Garwa tun da shekarunka 17 kuma kana ganin lokaci na wucewa.

Ka tsaya. Wallahi ban yi barci sosai ba bayan na karanta, don na san irin wannan maganar, na taɓa rasa yaro a haka, uban ya sayar da shanu huɗu, yaron ya sauka Istanbul aka ajiye shi a otal, kwana uku mutumin ya kashe waya, biza ta ƙare, kunya ta hana shi dawowa har yau. Kuma ya fi ka ƙafar hagu. Kulob ɗin da ke son ka da gaske shi ke aiko takardar gayyata da sunanka, shi ke biyan jirgi da masauki, ejan kuma, wato dillalin ɗan wasa, ladansa daga kwantiragi yake fitowa bayan an sa hannu. Sannan dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai da wasu dalilai ƙalilan kamar iyayensa su ƙaura can don wani aikin da ba na ƙwallo ba. Kai ba ka cikinsu. To wane kulob ne zai yi maka rajista? Ka tambayi mutumin wannan, ka ce ya nuna maka lasisinsa na ejan, ka ga yadda fuskarsa za ta canja.

Kullum kuna kiran sunan Vincent Aboubakar, ɗan gaban ƙasarmu Kamaru, amma ƙarshen labarin kawai kuke kallo, ƙwallon da ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Libreville a 2017, da wadda ya sa wa Brazil da ka a Qatar a 2022. Ka koma farko. A kulob ɗin Coton Sport ya tashi, nan garin, ya yi ta ci a gasar gida har aka tafi da shi kofin duniya na 2010 yana ɗan wasan gida, sannan Valenciennes ta Faransa ta ɗauke shi yana da shekara 18. Su suka zo nemansa. Kuma ko da ya je ba nan take abin ya buɗe ba, shekara uku ya yi can ƙwallayen kaɗan ne, yau a sa shi gobe benci, ga sanyi ga kewar gida. Sai da ya koma Lorient a 2013 ya ci 16 a lig a kaka ɗaya, daga nan Porto ta saye shi a 2014. A 2018 jijiyar gwiwa ta tsinke ya yi watanni yana jinya, ya dawo, ya zo ya ci 8 a kofin Afirka da aka yi a ƙasarmu farkon 2022. Mataki mataki ne, kuma kowane mataki ƙwallon da ya ci a na baya ne ya biya masa kuɗin mota.

Yanzu mu zo kanka, don nan ne maganar take. Kana da gudu, kana da ƙirji, ba ka tsoron mai tsaron baya ko ya fi ka girma, wannan Allah ne ya ba ka. Amma har yanzu ƙwallo kake bi, ba fili ba. Ɗan gaba a minti 90 wani lokaci taɓawarsa ba ta da yawa, aikin duka yana cikin abin da yake yi lokacin da ƙwallon ba ta wurinsa, ka tsaya a kafaɗar mai tsaron baya ta inda ba ya ganinka, in ya juya ya kalli ƙwallo kai ka ɓace, ka yi kamar za ka sanda ta nesa ka yanko ta kusa. Wasan Asabar sau huɗu aka kama ka ofsaid, duk don kana tashi kafin mai ba ka ya ɗaga kai, ka lanƙwasa gudun ka jira shi. Taɓawar farko kuma tana tsere maka taku biyu, a filin yashi na unguwa ana yafe wannan, a ciyawar filin wasa na Roumdé Adjia kafin ka kamo ta an kwashe. Ƙafar hagu ba ma a magana. Ka nemi bango, hamsin da dama hamsin da hagu kullum bayan asuba kafin ranar nan tamu ta buɗe, kuma duk wanda ya buga shot ka bi gola, abin da ya amayar rabonka ne.

Wani abu, mutumin nan zai ce a rage maka shekaru a takarda. Kar ka yarda. A farkon 2023 yara 21 cikin 30 aka cire daga tawagar 'yan ƙasa da 17 ta Kamaru bayan gwajin MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ƙashin wuyan hannu ake dubawa don a gane shekaru. Makaranta ma ba za ka bari ba, ko don ka iya karanta kwantiragi da Faransanci da kanka.

Abin da nake so a bana ka samu lasisi a kulob na gasar yanki, ka buga kaka cikakkiya, a ɗauki wasanninka a bidiyo ko da waya ce, cikakken wasa ba guntun ƙwallaye kawai ba. In ka ci, masu ido na Coton Sport ba nisa suke ba, ni da kaina zan riƙe hannunka in kai ka. Ka gaya wa babanka ina gaishe shi, zan shigo Juma'a bayan la'asar mu zauna, kafin nan kar ya ba kowa ko dala.