Me ke riƙe mutum shekara 60 a gaban na'urar rediyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Jamus. Maƙwabcina dattijo ne ɗan shekara 80, ya cika bayan gidansa da eriya, ya ce tun yana saurayi yake magana da mutanen wasu ƙasashe ta rediyo. Gidan rediyo ya buɗe? Kuma me ya hana shi amfani da WhatsApp ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba gidan rediyo ba ne. Dattijon yana cikin masu rediyon sha'awa, mutanen da ke zana jarrabawa su karɓi lasisi daga gwamnati don su yi magana da junansu ta iska. An hana su talla, an hana su sa kiɗa. Kowannensu yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: Najeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, shi kuwa maƙwabcinka tasa za ta fara da harafin D. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikinsu, lambarsa JY1.

Batun WhatsApp, ai ba hirar ce ke riƙe su ba. Da za ka saurara, sau da yawa gaisuwa ce kawai, da faɗin ƙarfin muryar da aka ji, sai sallama. Daɗin yana ga isar saƙon. Murya ce ta tashi daga wayar eriyar da mutum ya ɗaura da hannunsa, ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a Japan ko Brazil, babu kamfani a tsakani. Hanyar nan ce ke kawo wa iyayenmu BBC Hausa a gajeren zango, mita 16 da 19. Su ma waɗannan 'yan sha'awar suna cikin waɗanda suka fara gano amfanin zangon. A 1912 dokar Amurka ta kora su can, don ana ganin ba shi da wani amfani. A 1923 sai ga wani Bafaranshe, Léon Deloy, daga birnin Nice yana musayar saƙo da Amurka.

Sararin kuma ba ya zama iri ɗaya. Dare daban, rana daban, sannan ƙarfin rana yana hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 11. Ƙasar da ka kama cikin sauƙi bana, za ka iya shekara biyar kana nemanta. Lissafa da kanka, in dattijon ya fara yana ɗan shekara 20, shekara 60 ɗin da ya yi a harkar zagaye biyar ne da ɗan ɗoriya. A ganina wannan ne ya sa ba sa gundura, kamar manomi ne da damina.

Akwai kuma tara ƙasashe. Bayan an yi magana, sukan aika wa juna katin shaida da ake kira QSL. Ƙungiyarsu ta Amurka, ARRL, wadda aka kafa a 1914, tana ba da takardar yabo ga wanda ya haɗa ƙasashe 100. Jerin duka ya kai 340, har da tsibirai da ba kowa a kansu, sai wasu sun yi tattaki da na'urori sannan a ji su.

Ka sami lokaci ka shiga ka gaishe shi, ka ce ya nuna maka katunansa. Ka duba ko akwai mai 5N, domin masu wannan harka ba su da yawa a ƙasashenmu, kuma Turawa na farautar lambobin nan sosai.