Mahaifata Ta Zazzago, Ina Jiran Tiyata: Shin In Daina Motsa Jiki?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 48, haihuwata shida. An tabbatar mini a asibiti cewa mahaifata ta zazzago, an kuma sa mini ranar tiyata nan da wata huɗu. Tun daga lokacin na daina tattakin da na saba yi, don tsoron kada abin ya ƙarasa fitowa. Shin kwanciya ce ta fi mini har ranar ta zo?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Na fahimci tsoronki, amma ba na goyon bayan kwanciyar nan ko kaɗan.

Mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji suna zaune ne a kan tsokokin da ke shimfiɗe a ƙasan ƙugu, waɗanda goyon ciki da naƙuda da ɗaukewar al'ada ke sassautawa. Abin da ke ƙara danno su ƙasa shi ne yunƙuri, wato ɗaga kaya mai nauyi tare da riƙe numfashi, da tsalle, da tari mai naci, da dogon nishi wajen bayan gida. Tafiya cikin natsuwa ba ta cikin waɗannan. Wata huɗu a kwance kuwa zai iya jawo miki taurin bayan gida da ƙarin ƙiba, duk biyun suna tsananta matsalar, sannan ki shiga ɗakin tiyata jiki ba ƙwari, warkewa ta yi jinkiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya da su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ki fara da minti goma ko sha biyar da safe, domin nauyin marar ya fi takura wa mace da yamma, bayan ta wuni a tsaye. Idan kin ji ya ƙaru, ki kishingiɗa ki sa matashi a ƙarƙashin ƙugunki har ya lafa, washegari ki rage tsawon tafiyar. In ɗaukar wani abu ta kama, ki durƙusa da gwiwa, ki jawo shi kusa da jikinki, ki saki numfashi yayin miƙewa.

Akwai kuma atisayen da likitan nan na Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948: ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga har goma kina numfashi yadda kika saba, ki saki gaba ɗaya, sau takwas zuwa goma, zama uku a rana. Zazzagowar mahaifa tana da matakai huɗu, kuma atisayen ya fi tasiri a na ɗaya da na biyu. In ta wuce haka ba zai mayar da mahaifa gurbinta ba, amma yana taimakawa wajen yoyon fitsari. Ki kuma tambayi likitarki ko zoben silikon da ake sakawa a farji don tallafe mahaifa zai dace da ke kafin aikin, domin mata da yawa da shi suke samun sukunin zirga-zirga.

Idan fitsari ya ƙi fita, ko kin ga jini, ko naman da ya leƙo ya yi gyambo, ki koma asibiti nan take, kada ki jira ranar da aka sa miki.