Bulok cikin bulok a WordPress, me ya sa ba sa tafiya iri ɗaya?

Tambaya: Salam malam, ina haɗa wa wani mai shagon atamfa shafi a WordPress (manhajar gina shafukan intanet), na sa bulok ɗin Group (akwatin da ke haɗa wasu buloka), a cikinsa bulok ɗin Columns (mai raba shafi ginshiƙi-ginshiƙi), a cikin kowanne kuma wani Group ɗin, amma rubutun can ciki sai ƙara girma yake, kala ma wani ya bi wani ya ƙi, kuma abin da nake gani a edita daban da wanda ke fitowa a waya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bulok na ciki gado yake ci daga na waje, kamar ɗa da uba, amma fa ba komai yake gada ba. Kalar rubutu da girmansa suna sauka ƙasa, tazarar gefe kuwa kowa da tasa, shi ya sa in ka ba Group uku tazarar 20px kowanne sai ta taru ta zama 60px ta kowane gefe, a waya rubutun ya matse kamar an cusa shi a kwalba.

Maganar girman nan kusan na tabbata ma'aunin em ka sa wa girman rubutun. Em lissafinsa daga uba yake yi, 1.2em hawa uku kenan 16px ya koma kusan 28px ba ka ankara ba. Koma rem, shi daga tushen shafi yake aunawa, ko hawa goma ka yi ba ruwansa.

Kala kuwa, galibi kanun rubutu ne ke gardama saboda jigon shafin, wato theme ɗinsa, ya riga ya ba su tasu, wadda aka ba mutum kai tsaye kuma ta fi ta gado ƙarfi.

Ni shawarata ka daina bin su ɗaya bayan ɗaya kana shafa musu kwalliya, wahalar banza ce wallahi. Buɗe List View ka ga wa ke cikin wa, ka goge duk abin da ka sa wa ƙananan, ka gyara uban kawai. Wanda kake so ya game ko'ina ka kai shi theme.json, fayil ɗin saitin jigon shafin, tun WordPress 5.8 na 2021 yake nan, akwai blockGap a ciki na tazarar da ke tsakanin bulok da bulok, kuma edita da ainihin shafin duk daga nan suke karantawa, sai bambancin nan ya ragu sosai. In kuma kana da fayil ɗin CSS (na kwalliyar shafi) naka daban to sai ka shigar da shi edita da umarnin add_editor_style, in ba haka ba editan bai ma san da zamansa ba.