Kafin ka sake furomota, ka tuhumi siram ɗinka

Tambayar da ka aiko ita ce: "Malam, na haɗa tsarin Tet-On a cikin sel na HEK293, amma ƙwayar gadon da na saka tana aiki tun ban zuba doksisaikilin ba, in na zuba kuma ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba. Ko in sake furomota?"

Ajiye maganar furomota tukuna, wato guntun DNA ɗin da ke kunna ƙwayar gado. Ku yaran yanzu da zarar aiki ya ƙi, sai ku buɗe kwamfuta ku yi odar sabon filasmid, zoben DNA ɗin da ake shigar da ƙwayar gado cikin sel da shi. Wane siram kake ciyar da sel ɗin nan da shi, kuma wa ya gwada shi? Na san ba wanda ya gwada.

Manfred Gossen da Hermann Bujard ne suka fito da tsarin nan na kunna ƙwayar gado ko rufe ta da magani a Heidelberg ta Jamus: Tet-Off, wanda magani ke rufewa, a 1992, Tet-On, wanda magani ke kunnawa, a 1995. Furotin TetR suka ɗauko daga bakteriyar E. coli, suka liƙa masa VP16 na ƙwayar cutar hapis, guntun furotin mai zuga ƙwayar gado ta yi aiki. A Tet-On, furotin ɗin da ake kira rtTA ba ya hawa kan guntayen DNA bakwai masu suna tetO da aka jera gaban guntun furomotan ƙwayar cutar CMV, balle ya kunna ƙwayar gadon, sai magani ya kama shi. To shi ba ruwansa da inda maganin ya fito. Siram kuwa daga jinin ɗan tayin saniya ake tace shi, kuma kai kanka ka sha ganin makiyaya suna ɗirka wa shanu allurar oksitetirasaikilin, wanda shi da doksisaikilin duk dangin tetirasaikilin ne. Haka ake yi a ƙasashe da yawa. Ragowar maganin kan biyo jini har cikin kwalbarka, tsarin ya riƙa yoyo kamar famfon da robarsa ta cinye.

Wannan abu ya taɓa cin mu, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Muna aiki a kan wata ƙwayar gado mai sa sel ya kashe kansa, irin wadda dole ta zauna a rufe ruf sai ranar da ka ga dama. Wani dillalin kayan ɗakin gwaji, wanda muka daɗe muna ciniki da shi, ya kawo mana siram da lakabin cewa an tantance babu tetirasaikilin a ciki. Ga takardar shaida, ga hatimi, ga kuɗi masu tsoka da muka biya fiye da na siram gama-gari. Da shi muka reni sel ɗinmu, muka ware zuriya-zuriya, muka yi ta dasawa, muka daskarar a ruwan naitirojin. Wata ɗaliba ce ke riƙe da aikin, digirinta na uku gaba ɗaya a kansa ya rataya. Yarinya mai tsabtar hannu, ko Lahadi tana gaban madubin ƙara girma tana ƙirga sel.

Ashe duk tsawon lokacin nan tsarin na yoyo. Sel ɗin da suka fi karɓar ƙwayar gadon da kyau, su ne suka yi ta mutuwa a hankali, muna ganinsu sun dunƙule suna yawo a saman ruwa muna cewa wahalar dashe ce. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda suka toshe ƙwayar gadon ko suka yar da ita. Ranar da muka zuba doksisaikilin, ko gezau. Muka ƙara, shiru. Duk abin da ke cikin tankin naitirojin ɗin nan ya zama shara.

Asiri ya tonu ne da muka ɗauko wasu sel masu lusifares, furotin mai fitar da haske, a ƙarƙashin furomota iri ɗaya. A siram ɗin mutumin nan, ba magani ba komai, na'ura ta nuna haske. Muka aro siram daga ɗakin gwajin maƙwabta, haske ya faɗi ƙasa. Na ɗauki kwalbar na sa farce a gefen lakabin, sai ga wani lakabin a ƙarƙashi, da wata lambar rukuni daban da ta jikin takardar. Da na kira shi, rantsuwa ya dinga yi, wai kuskuren yaran shago ne. Ko sisi bai mayar ba. Kuɗin tallafin binciken ya ƙare, yarinyar nan ta koma farko da wani aikin da ba shi ne a ranta ba. Daga baya na gamu da shi a wani taro ya baje kolinsa, har ya miƙo mini hannu. Ban karɓa ba, kuma ban yafe ba. Zamba cikin aminci ce.

Saboda haka duk rukunin siram da ya shigo, ka gwada shi da kanka da sel masu lusifares, ko daga wa ya fito.

In siram ya fita zargi, sai ka dubi inda ƙwayar gadon ta sauka. Idan ta faɗa kusa da wani yanki mai zuga aiki, za ta yi yoyo ko da wane furomota ka sa, kuma kwafi da yawa yoyo da yawa. Ka dasa kwafi ɗaya a wurin da ake kira AAVS1 da ke kan kuromozom na 19, ko ka ware zuriya masu yawa ka zaɓi wadda ta fi yin shiru in babu magani. Ba wadda ta fi haske ba. Nan ne yawancinku kuke faɗawa, don kuna son hoto mai ƙyalli. Yadda ake shigar da filasmid da tace zuriya ba zan tsaya a kai ba, mai wanke mana kwalabe ma ya sani.

Bayan nan ne ake maganar sabbin kaya. An samu ingantaccen rtTA mai suna rtTA2S-M2 a 2000, sannan mutanen Ben Berkhout da Atze Das a Amsterdam suka bar rtTA ya yi ta sauyawa a cikin ƙwayar HIV har aka samu masu saurin jin magani, tushen Tet-On 3G ke nan. Akwai tTS, wato TetR ɗauke da KRAB, mai danne furomota in babu magani. In furotin ɗinka mai kisa ne, ƙara makulli na biyu: ka liƙa masa guntun da ke sa sel ya rushe shi sai an zuba wani sinadari mai suna Shield-1, dabarar ɗakin gwajin Thomas Wandless a Stanford a 2006.

Sai yawan magani. Kowa maikirogiram 1 a kowace mililita yake zubawa don haka ya gani a rubuce. Doksisaikilin maganin bakteriya ne, kuma yana hana maitokondiriya, injin samar wa sel ƙarfi, haɗa furotin ɗinta, mutanen Johan Auwerx a Lausanne sun nuna haka ƙarara a 2015. Fara daga nanogiram 10 a kowace mililita ka hau zuwa 1,000, wato maikirogiram 1, ka tsaya a mafi ƙanƙantar da ya yi maka aiki. Ka kare shi daga haske, ka sabunta duk bayan kwana biyu. Kuma kullum a samu faranti ɗaya na sel marasa ƙwayar gadonka da aka zuba musu magani daidai da sauran. Ka kawo mini sakamako babu wannan farantin, ba zan sa hannu ba.