Me ya sa bindigogin maharba na Yaƙin Duniya na Biyu suka yi tsada haka?

Malam, ka tambayi dalilin da farashinsu ke ta hawa a Amurka, da ko haɗa ta kwaikwayo ya fi sauƙi.

Tun asali ba su da yawa. Kamfanin Remington ya ƙera bindigar sojoji masu harbi daga nesa samfurin M1903A4 kusan 28,000 kacal a 1943 da 1944. A Ingila kuwa, kamfanin Holland & Holland ne ya riƙa ɗaukar bindigogin Lee-Enfield No. 4 mafiya saiti yana ɗora musu madubin hange No. 32, ana buga lambar madubin a jikin katakon bindigar. Bayan yaƙi an raba da yawa da madubansu, shi ya sa wadda lambobinta suka dace take tsada sosai.

Kwaikwayo ya fi araha nesa ba kusa ba. Masu sha'awa kan sayi bindigar Sobiyet Mosin-Nagant 91/30 ta gama-gari su sa mata sabon madubin hange samfurin PU. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu buga tambarin ƙarya su sayar da ita a matsayin ta asali, da masu huda bindigar tarihi mai lafiya don ɗora mata madubi.

In a Najeriya kake, dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindigar soja sai da lasisin shugaban ƙasa.