Lissafin jari kashi biyu: ta ina ake farawa?

Tambaya daga wani ɗalibi a Aboabo, Kumasi: Malam dan Allah ina shirin WASSCE, irin wannan tambayar ce ke ɗaure min kai. Wai wata Hajiya tana da sidi 10,000, ta sa wani ɓangare a harkar goro mai kawo ribar kashi 8 cikin 100 a shekara, sauran a harkar atamfa mai kawo kashi 12, shekara ta zagayo ta samu ribar sidi 1,040, nawa ta sa a kowanne? Ni ko ta inda zan fara ban sani ba.

Amsa: Toh ƙanena kwantar da hankalinka. Abinda ke kayar da yara a nan abu ɗaya ne, kuɗi iri biyu ne a cikin tambayar, akwai jari akwai riba, kowanne kuma da nashi ikweshin, ranar da ka cakuɗa su a layi ɗaya shikenan ka ɓata hanya, wallahi takarda nawa na duba na ga yaro ya rubuta x + y = 1,040, har zuciyata nake jin abin don na san ya iya lissafin, karatun tambayar ne ya yi da gaggawa.

Kira kuɗin goro x, na atamfa y. Layin jari: x + y = 10,000. Layin riba: 0.08x + 0.12y = 1,040. Ɗigon nan ba ka buƙatarsa, ninka layin riba da 100 ya zama 8x + 12y = 104,000. Ninka layin jari da 8, ka samu 8x + 8y = 80,000. Ɗebe wannan daga wancan, x ya fita, saura 4y = 24,000, kenan y = 6,000, x kuma 4,000.

Ni dai hanyar da na fi so ita ce ta 'yan kasuwa, irin lissafin da uwayenmu ke yi da ka a kasuwar Kejetia ba biro ba kalkuleta. Ka ɗauka duk kuɗin a goro ta sa su, da ribarta 800 ce. Amma 1,040 ta samu, to ƙarin 240 ɗin daga ina? Daga atamfa mana, tunda duk sidi 100 da ta kai can yana ƙara mata sidi 4. Huɗu nawa ne a 240? Sittin. Ɗari sau sittin 6,000, kaga an dawo gida. Saidai a jarabawa ka rubuta ikweshin ɗinka biyu, WAEC na ba da maki kan matakai, hanyar 'yan kasuwar kuma ka riƙe ta don dubawa.

In sun sako maka banki da kuɗin ruwa na shekara ɗaya ma aikin bai canza ba.

Kafin ka wuce tambaya ta gaba ka gwada: kashi 8 na 4,000 shine 320, kashi 12 na 6,000 shine 720, haɗa su 1,040 cif. Yanzu mayar da ribar Hajiya 960 ka sake yi da kanka, ka turo min abinda ka samu.