Amsa ga ɗalibar da ke binciken jin daɗin rayuwar mata a Rigasa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, inda kika ce kina shekarar ƙarshe a sashen nazarin ci gaban al'umma, kina rubuta kundin bincike kan jin daɗin rayuwar matan da mazajensu suka rasu a Rigasa, amma takardar tambayoyin da kika samo a intanet ta ƙi ba ki abin kirki, domin kusan duk wadda kika tambaya sai ta ce "Alhamdulillahi" ta ja bakinta ta yi shiru. Na daɗe ina aikin kula da walwalar jama'a a garin nan na Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Kakuri da Rigasa, saboda haka ga abin da zan iya ba ki.

Matan nan ba ƙarya suke yi miki ba. Macen da ta tashi a kan godiya ga Allah da rufa wa gidanta asiri ba za ta dubi baƙuwa mai riƙe da biro ta ce rayuwarta ba daɗi, domin a wurinta yin haka butulci ne ga Ubangiji, kuma tonon silili ne ga dangin marigayin. Matsalar tana cikin tambayar. Ki ajiye takardar tukuna, ki fara jin ta bakin matan kansu, su faɗa miki da me suke gane cewa wance hankalinta a kwance yake, wance kuma tana cikin matsi.

Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce zama da mata takwas zuwa goma bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure, ba tare da an nuna kowa ko an ambaci sunan kowa ba. Sai ki ce: "A unguwar nan, macen da mijinta ya rasu kuma ake cewa Allah ya rufa mata asiri, yaya rayuwarta take?" Da yake ba a kanta ake magana ba, kowace sai ta saki baki. Wannan ba sabon abu ba ne a fagenmu. Masanin nan na Ingila, Robert Chambers, ya daɗe yana kira da a bar talakawa su tantance halin da suke ciki da kansu, kuma a ƙarshen shekarun 1990 Bankin Duniya ya tattara bayanan talakawa kimanin 60,000 daga ƙasashe 60, inda aka ga cewa ban da kuɗi da abinci, mutane suna yawan ambaton mutunci, tsaro da zaman lafiya da dangi.

Abin da na sha ji a irin wannan zama ya kan zo kamar haka: a ɗora tukunya safe da dare ba tare da an tura yaro maƙwabta ba, wa'adin haya ya zo ba a yi ta kwana da fargabar mai gida ba, mace ta iya zubin adashi ba ta tsallake ba, ta je suna ko biki da 'yar gudummawarta a hannu, yara su tafi boko da safe, Islamiyya da yamma, ba a koro su ba, idan zazzaɓi ya kama ƙaramin cikin dare, akwai na zuwa kemis. Ki lura da maganar biki da adashi, domin masu tsara takardu a nesa ba sa sanya su, alhali nan ne ciwon yake. Macen da ta daina zuwa biki saboda ba ta da abin bayarwa tana zamewa daga cikin 'yan'uwanta a hankali, ranar da ta shiga uku kuma babu wadda ita take bi bashin zumunci. A ganina, wannan janyewa ita ce alama ta farko da ya kamata mai aikinmu ya fara nema, tun kafin ya ƙirga kujeru da talabijin. A Kakuri ma na ga kwatankwacin haka a wurin maza, tsofaffin ma'aikatan masaƙun da suka durƙushe a shekarun 2000, waɗanda abin da ya fi ci musu rai shi ne daina jin kansu a matsayin masu ciyar da gida.

Daga abin da suka lissafa sai ki gina tambayoyinki, kuma kowace ta tsaya a kan abin da ya faru a wani lokaci sananne. Maimakon "Kin gamsu da rayuwarki?", ki ce "Daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau, sau nawa aka kwana ba a dafa ba?", ko "A bikin ƙarshe da aka yi a danginku, kin samu zuwa?", ko "Idan kika buƙaci rance yau, wa za ki tunkara?" Irin waɗannan ana amsa su ba tare da mutum ya ji yana kai ƙarar ƙaddara ba.

Ban ce ki watsar da ma'aunan da malamanki suka sani ba, domin da waɗannan ma'aunai ne za ki kwatanta sakamakonki da na wasu. Ki duba rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamba na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya nuna cewa kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikinsa. Ya duba lafiya, ilimi, yanayin muhalli, da aiki tare da bala'o'in da ke afka wa gida, har da na rashin tsaro. Akwai kuma gajeren ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 mai jumloli biyar, wanda ke tambayar yadda mutum ya ji a makonni biyu da suka wuce: nishaɗi, natsuwa, kuzari, tashi daga barci a wartsake, da sha'awar harkokin yau da kullum. Kowace jumla tana da maki daga 0 zuwa 5, wanda jimillarsa ta gaza 13 kuwa yana buƙatar a ƙara duba shi. Ki sa shi a ƙarshen hira, bayan an saba. Ki kuma rubuta lokacin da kika yi aikin, saboda amsar tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya yi tsada, daban take da ta kaka ko ta watan azumi da ake yawan sadaka.

Akwai wani abu da zai iya ɓata miki aikin gaba ɗaya, shi ne zaton tallafi. An sha zuwa unguwanninmu ana rubuta sunaye da lambobin waya, a tafi ba a sake waiwayowa ba, don haka duk mai takarda ana yi masa kallon mai rabon kuɗi. Wata za ta ƙara gishiri don ta shiga jerin, wata kuma ta ƙi kula ki saboda an taɓa yaudararta. Ki faɗa tun a ƙofa cewa ke ɗaliba ce, babu kuɗi ko buhun shinkafa a bayan aikin nan, kuma wadda ba ta so ba dole. Kada ki rubuta suna a kan takardar amsa, kada ki ɗauki hoto sai da yarda, sannan ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike ta hannun malamin da ke duba aikinki.

Ki shiga ta wurin mai unguwa da limami, amma kada ki bari su kaɗai su zaɓa miki waɗanda za ki gani, domin waɗanda suka sani za su kawo miki. Rigasa ta karɓi mutane da yawa da suka gudo daga ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa da Igabi saboda 'yan bindiga, suna raɓe a ɗakunan 'yan'uwa, kuma a cikinsu akwai matan da aka kashe wa maza. Ungozoma, mai kitso da mai markaɗe sun fi kowa sanin inda suke. Ki je tsakanin hantsi da azahar, ki nemi keɓewa, domin ba a faɗin damuwa a gaban uwar miji ko kishiya.

Kafin ki fita, ki tanadi inda za ki tura wadda kika tarar cikin halin da ya fi ƙarfinki. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ga wadda damuwa ta kai ta ga rashin barci da maganar gajiya da rayuwa, akwai kuma ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a ga batun marayu da cin zarafi, rikicin gado kuwa na kotun shari'a ne. Bai dace ki sa mace ta buɗe miki cikinta tana kuka, sannan ki naɗe takarda ki tafi ba. Idan kin kammala, ki koma Islamiyyar nan ki karanta musu abin da kika gano da Hausa, su gyara miki inda kika fahimta ba daidai ba.

In kin sake tsara tambayoyin, ki sanya su a zauren nan mu duba tare kafin ki kai wa malaminki. Allah ya ba da sa'a.